Sunan Habu a Littafin Gwajin Mota

Aikin farko yau: kai akwatin Sani tasha. An kai, an ɗaure, motar Yamai ta tashi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, ya haɗa ka da maƙwabta nagari. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ba labarin gida zan ba ka ba, tun da ko yini guda ba ka yi da barinsa ba.

Ɗazu a tasha ka tsaya kana jira in faɗa maka wani abu. Na lura. Na ce ka riƙe salla, ka kula da kayanka, na juya. Maganar da ya kamata in yi mako biyu ke nan tana bakina, na kasa fitar da ita ina kallon idonka. Shi ya sa na dawo gida na ɗauki alƙalami.

Aikin da za ka kama irin nawa ne, komi a gidan sayar da motoci, mai riƙe da makullai da littattafai. Ka kuma san wasiƙar Alhaji Mati ce ta samar maka shi, domin shi babban mai saye ne a wajensu. To gobe zan yi wani abu da zai iya ɓata tsakaninmu da Alhaji, kuma in ya ɓata, aikin nan naka yana iya tafiya tare da shi. Haƙƙinka ne ka san dalili, kuma daga bakina.

Ka san Baba Habu, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ke facin taya a bakin tasha. Shi ya ɗaure maka akwatinka da safe. Abin da ka sani game da shi shi ne abin da duk Damagaram ta sani: da direban gidan cinikinmu ne, ya kaɗe wani manomi a hanyar Mirriya, aka ɗaure shi wata huɗu, aka karɓe masa permi, wato takardar izinin tuƙi. Kana lakwal, makarantar Nasara, a lokacin. To Habu bai kaɗe kowa ba. Ni na ce shi ne.

Bari in fara da yadda ake aikin, don ka gane inda na karkace. Mota, muddin ba a sa hannu a takardar saye ba, ta gidan ciniki ce. In mai saye ya ce a gwada masa, akwai littafi da ake kira littafin gwaji. A ciki ake rubuta lambar motar, da lokacin fita, da sunan wanda zai tuƙa, da lambar perminsa, shi kuma ya sa hannu. Asirans na gidan, wato kamfanin da ke ɗaukar nauyin ɓarna in an yi hatsari, ba ya duban komai sai wannan layi. In mai tuƙin yana da permi kuma sunansa na ciki, za su yi jinyar wanda aka raunata, alƙali kuma ya duba ko da gangancin direba. In ba shi da permi, asirans ya wanke hannunsa, laifi ya hau kan mai tuƙin, ya kuma hau kan komin da ya bari aka ba shi mota. Na san wannan kamar Fatiha. Ni nake koya wa sababbi.

Kuskurena na farko ya fito daga abin da nake alfahari da shi. Ni mutum ne mai son tsari, ka sani, har innarka tana cewa ko tari zan yi sai na rubuta tukuna. A lokacin nakan cika littafin gwaji tun da safe kafin mai saye ya iso, don kada a tsaya jirana. Ranar nan, lokacin cinikin gyaɗa, an ce Alhaji Mati zai zo duba kamiyo sabuwa, wato babbar motar ɗaukar kaya. Na zauna na rubuta komai, na sa sunan Habu a layin mai tuƙi, na kira shi ya dangwala hannu. Ya leƙa littafin ya ce:

"Komi, ka rubuta mun dawo lafiya ma? Ƙara mana da tuwon rana, tun da abin da ka rubuta shi Allah ke yi."

Na ce masa ya je ya wanke hannunsa, yana shafa mini baƙin mai a takarda. Ya ce man hannunsa ne ke ciyar da tawadata. Haka muke da shi tun muna yara, ba ya ganina bai tsokane ni ba.

Sani, kada ka rubuta abin da bai faru ba tukuna. Ba ƙarya na yi niyya ba da safen nan, sauri na yi. Amma da rana, da abin da ke rubuce ya saɓa da abin da ya faru, sai na ga gyara mutane ya fi mini sauƙi da gyara layi guda. Ka bar layin mai tuƙi a buɗe har sai ka ga mutum ya zauna ya kama sitiyari. In an canja direba a hanya, ka tsayar da mota ka rubuta.

Alhaji ya iso da hantsi. Aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa, ban taɓa zama a kujera yana ɗaki ba. Ya zagaya kamiyon sau biyu, ya bubbuga tayoyi da sanda, ya sa aka buɗe masa gaba ya leƙa inji kamar mai duba haƙoran doki. Muka shiga mu uku, Habu a sitiyari, ni a tsakiya da littafi bisa gwiwa, Alhaji a bakin ƙofa. Muka fita gari muka kama hanyar Mirriya. Da muka wuce duwatsu, gidaje suka ƙare, sai Alhaji ya ce:

"Habu, tsaya nan. Ni ban taɓa sayen abin hawa ban hau ba."

Habu ya tsaya, ya ce, "Alhaji, ai kana bisa."

"Wannan goyo ne. Sauko in ji bakinta."

Habu bai motsa ba. Ya dube ni ya ce, "Sai abin da mai littafi ya ce."

Ka ga, shi ya yi daidai. Ya miƙo mini maganar don tawa ce. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, akwai batun permi."

Alhaji ya yi dariya har rawaninsa na rawa. Ya ce, "Lawali, ran sunanka a tafin hannun nan aka ɗora ka, har ka jiƙa mini riga. Yau kai za ka tambaye ni takarda? Dokin da ya kayar da mutum uku a kasuwa ni na hau shi na kai gida. Wannan ko numfashi ba ta yi sai an murɗa mata kunne."

Na yi dariya ni ma. Wannan dariyar ita ce izinin. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, na matsa gwiwata kawai don su samu wurin musanyawa.

A nan ne kunya ta ci ni, kuma ina so ka fahimci irinta, don kai ma da ita aka rene ka. An koya mana ba a musu da babba, kuma koyarwa ce mai kyau. Amma ba don girman Alhaji na yi shiru ba. Tsoro na ji kada ya koma unguwarsu ta Birni ya ce ɗan amininsa ya zama Nasara, ya hana shi taɓa mota. Girman kaina na kare, na kira shi ladabi. Maganin abin kuwa mai sauƙi ne, daga baya na gano shi. Ka faɗi doka tun a biro, wato ofis, kafin a ga makulli, a gaban kowa, da murya guda ga attajiri da ɗan dako. Babba yana jure doka in ya ga ba don shi aka yi ta ba. Abin da ba ya jurewa shi ne a hana shi a tsakiyar hanya bayan ya riga ya miƙa hannu. In duk da haka ya nace, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Ana iya durƙusawa da makulli a aljihu.

Habu ya sa masa giya, ya nuna masa totur da birki. Muka tafi a hankali, Alhaji yana murna yana cewa tana da ladabi. Can gaba ga wani manomi yana kora jaki da buhunan gyaɗa biyu, yana tafe gefen hanya zuwa gari. Jakin ya ji ƙugin inji ya firgita ya ratso hanya, mai shi ya biyo shi don ya kama igiya.

Habu ya ce, "Birki, Alhaji. Birki."

Alhaji ya yi abin da jikinsa ya saba shekara arba'in. Ya fizgo sitiyari zuwa ƙirjinsa kamar linzami, ya jingina baya, ya miƙe ƙafafu kamar mai tokare likkafa. Ƙafar tasa a kan totur take. Makullin yana gaban gwiwata, da ɗan yatsa zan iya kashe motar. Hannuwana biyu suna riƙe da littafi. Habu ne ya miƙo ta kaina ya murɗe makullin ya ja birkin hannu, amma mun riga mun same shi.

Sunansa Malam Tanko, daga wani ƙauye kusa da Mirriya. Ƙafarsa ta dama ta karye ƙasa da gwiwa, ƙashi a waje. Gyaɗa ta watse a hanya, jakin ya tsaya can yana kallonmu.

Yanzu ka saurara da kyau, don ba na so ka ɗora wa Alhaji abin da ba nasa ba. Shi ya fara sauka. Ya warware rawaninsa ya ɗaure ƙafar, ya ɗora kan mutumin a cinyarsa, hawaye na zuba a gemunsa, yana cewa, "Ni ne, bawan Allah. Ni na yi maka. Ka yafe mini." Bai nemi kowa ya rufa masa asiri ba. Da an bar shi, da a gaban jandarma ma haka zai faɗa.

Ni ne na tsaya a gefe ina lissafin abin da zai biyo baya. Na ga aikina ya tafi. Na ga Nasaran gidanmu, shugaban gidan cinikin, yana buɗe littafi yana tambayata wa ya ba ni iko. Sai na ja Habu bayan mota na ce masa, "Kai ke tuƙi."

Ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Littafi ya riga ya ce kai ne. In aka ce Baba ne, asirans ba zai yi jinyar mutumin nan ba, zai ruɓe a gidan likita ba mai kula da shi. Ga tsoho za a kai kurkuku. Kai kana da permi, jaki ne ya ratso. Gargaɗi kawai za a yi maka."

Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata, Komi?"

Na ce, "Na san dokarsu."

Ban sani ba. Na san ka'idar asirans, amma ban taɓa shiga tirbinal, kotun Nasara, ba ko sau ɗaya. Na yi zato na kira shi sani, shi kuma ya yarda don ni na yi lakwal shi bai yi ba. Sannan na koma wurin Alhaji na ce, "Baba, ka daina faɗin haka. Za ka hana a yi masa magani." Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da hankalinsa kan Malam Tanko. Habu ya ɗauki Malam Tanko kamar jariri ya sa a mota, ya tuƙa mu zuwa likita.

Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. Na ɗaya, in mutum ya tambaye ka abin da doka za ta yi masa, kuma ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Mu da muka yi karatun Nasara, 'yan'uwanmu suna ɗaukar maganarmu kamar hatimi, kuma wannan kaya ne mai nauyi. Na biyu, ka yi hattara da dalili mai kyau da ya zo maka daidai lokacin da kake cikin tsoro. Batun jinyar Malam Tanko gaskiya ne, kuma an yi masa jinyar. Amma ba shi ya fara zuwa raina ba. Na san haka don washegari da safe na rubuta a littafina na yau da kullum, wanda ba mai karantawa sai ni, abin da ya faru daki-daki, da wanda ke tuƙi, da abin da na fara tunawa. Yana nan cikin adaka. Ɗazu na buɗe shi.

Nasaran gidanmu ya duba littafin gwaji, ya ga suna da sa hannu, ya rufe. Ya ga Alhaji ba rawani, ya ga jini a rigarsa, bai tambaya ba. Ciniki ya faɗa bayan mako guda.

Da aka zo shari'a, aka shigo da Malam Tanko bisa sanduna biyu. Alƙalin Nasara ne, da tafinta a gefensa. Aka tambaye shi wa ya gani a sitiyari. Ya ce, "Dattijo ne mai farin gemu. Shi ya ɗaure mini ƙafa da rawaninsa. Wannan yaron ɗaukata kawai ya yi, Allah ya yi masa albarka."

Alƙali ya juyo gare ni, ni ne shaidar gidan ciniki. Zan iya amsawa da Hausa tafinta ya juya. Amma da Faransanci na amsa, da sauri, don kada Malam Tanko da Habu su ji abin da nake faɗa. Na ce mutumin ƙauye ne, ya suma, ya farfaɗo ya ga wanda ke kansa, sai ya haɗa biyun. Na miƙa littafi. Alƙali ya duba rubutuna, ya ce da dukan komi suna aiki da tsabta haka da an huta. Ya ce direba ƙwararre da ya ga dabba a gefen hanya bai rage gudu ba, gangancinsa ya fi na kowa. Wata huɗu, kuma a karɓe permi.

Da tafinta ya faɗa da Hausa, Habu bai dubi alƙali ba, ni ya duba. Lokacin ma ƙofa a buɗe take, da na miƙe na ce a tsaya. Na tattara takarduna.

Kada ka taɓa yin magana a kan mutum, yana tsaye a wurin, da harshen da ba ya ji. In ka ji kana son komawa Faransanci alhali mai maganar Bahaushe ne, ka tambayi kanka me kake ɓoyewa.

Da Habu ya fito, na yi zaton zai zage ni, har na shirya. Na same shi a ƙofar gidansu. Ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya ce, "Barka da zuwa, Malam Lawali. Ina gajiya?" Tun daga ranar bai sake ce mini Komi ba, bai sake yi mini wasa ba. Ran cika-ciki, da taubasai ke bin juna da tsokana, ya daina zuwa gidanmu. Yana gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo mai daraja, shekara biyar ke nan. Na kai masa hatsi, ya karɓa ya yi godiya. Da ya watsa mini a fuska da ya fi mini sauƙi.

Na taɓa zuwa wurin limamin unguwarmu na ce masa wani mutum ne yake tambaya: in ana gwada doki a kasuwa ya taka wani, wa ke da alhaki? Ya ce, "Ba a tambayar wa ke da dokin, ana tambayar wa ke bisansa. Sai dai in dillali ya san mahayin bai iya ba ya miƙa masa linzami, to shi ma yana da rabonsa." Na ce to in aka ɗora wa wanda ke tsaye a gefe fa? Ya dube ni ta saman tasbaharsa ya ce, "Wannan wani mutumin, ka gaishe shi. Ka ce masa ya san amsa." Ka ga, shari'armu da ta Nasara ba su saɓa ba a nan. Ba ni da inda zan ɓuya ko a ɗaya.

Ga abin da ya tayar da maganar yanzu. Tun da aka samu 'yancin kai bana, gwamnati tana ɗaukar direbobi na ma'aikatu. Mako biyu da suka wuce Habu ya zo gida, ya tsaya a zaure ya ce, "Malam Lawali, hannunka ya fi na kowa kyau. Ka rubuta mini takardar neman aiki, da ta neman a maido mini permi." Na rubuta masa, na yi masa ita har sau uku kafin ta yi mini. Aka ce ya kawo takardar tirbinal mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba. Ya je ya karɓo, ga hukuncin nan a rubuce. Suka maido masa da takardunsa.

Ya dawo ya faɗa mini, ba fushi a muryarsa. Ya ce, "Sun ce takarda ba ta ƙarya. Na gode da wahala." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya ce, "Ni ba aikin ne ya fi damuna ba. Ƙaramin ɗana ne jiya ya tambaye ni ko mutumin da na kaɗe ya mutu. Na ce masa yana nan da rai. Ka ga ban yi masa ƙarya ba." Ya sa takalmansa ya tafi.

Wannan karon ban yi zato ba, na je na tambayi magatakardan tirbinal. Ya ce in shaida ya dawo da kansa ya ce ƙarya ya yi, kuma yana da abin da zai nuna, ana iya sake duba hukunci. Ya ce ana iyawa, bai ce za a yi ba. Ya kuma ce shaidar zur tana da nata hukuncin, in sani. Na ce na ji.

Jiya bayan la'asar na je wurin Alhaji, don ba zan ambaci sunansa a gaban alƙali bai sani ba. Ya tsufa ƙwarai, yana zaune bisa buzu a zaurensa. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ce:

"Ranar nan na ce ni ne. Wa ya rufe mini baki?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ka ɗaura kaya ka ɗora mini, na ɗauka shekara biyar ban ce maka uffan ba. Duk Juma'a ina ganin Habu a masallaci. Yanzu da na aurar da jikoki, mutane suna kawo mini sulhu, yanzu ne naka wuyan ya gaji?"

Na ce, "Ba ni da ta cewa, Baba."

"Ba ka taɓa rasa ta cewa ba, Lawali. Shi ya kai mu nan."

Can ya ce, "Yaron ya tafi?"

Na ce, "Sai gobe."

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ɗauki tasbaharsa. Na tashi.

Tun jiya nake juya wannan tambayar tasa. Ko tuna mini yake yi da wasiƙar da ya rubuta maka, ko kuwa tsoho ne kawai yake tambayar jikan amininsa, ban sani ba. Na saba karanta mugun nufi a inda babu, na kuma saba rufe ido a inda yake. Abin da na sani shi ne gaskiya ya faɗa, kuma in ya janye hannunsa daga kanka ba zan iya cewa ya zalunce mu ba.

Akwai kuma abu na ƙarshe da zan amsa. Da gangan na jinkirta zuwa tirbinal har ka hau mota. Na ce wa kaina don kada in ɓata maka tafiya ne. Gaskiyar ita ce na ji tsoron ka roƙe ni in bari, domin da ka roƙa da na bari, in ce don ɗana na yi. Na yanke hukunci a kan abincinka ban shawarce ka ba. Wannan ma laifi ne, ina neman gafararka, amma ban ga yadda zan gyara na Habu ba tare da na taɓa naka ba.

In labari ya iso Yamai aka kira ka biro, kada ka ce ba ka sani ba. Ka ce ka sani, mahaifinka ya rubuto maka. In sun sallame ka, kada ka zagi Alhaji ko a zuci, kada kuma ka yi kunyar dawowa gida, ɗakinka yana nan. In sun bar ka, ka riƙe littafinsu da gaskiya, ka duba permi da idonka, ka fita gwaji ta hanyar da ba jama'a, ka zauna inda hannunka zai kai ga makulli, ka bar hannun a sake. In Allah ya ƙaddara hatsari, ka fara da wanda ke ƙasa, sannan ka rubuta sunan wanda ke bisa kujerar, ko wane ne shi.

Ban san da wane ido za ka dube ni bayan wannan ba. Ba sai ka amsa da wuri ba.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya kare hannunka daga cutar da bawansa, ya ba ka ƙarfin halin da ya fi nawa. Allah ya yi maka albarka, ya maido mana da kai lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Lawali

Na gobe, waɗanda ban gama ba:

1. Sabuwar igiyar guga, tsohuwar ta kusa tsinkewa.
2. Faɗa wa innar Sani. Kafin karin kumallo, ba bayansa ba.
3. Gidan waya da wannan takarda. A jefa ta kafin a wuce tirbinal, don in ta tafi ba sauran fasawa.
4. Miƙa makullan biro ga mataimakina, ko da ba a bar ni na koma ba.
5. Tirbinal, ƙarfe takwas, da littafin cikin adaka.
6. A tambayi masu zuwa kasuwar Mirriya sunan ƙauyen Malam Tanko. Ban taɓa tambaya ba.
7. Bakin tasha, wurin Habu. Ban san da me zan fara ba.